Taliya da dakakkiyar ɗoɗɗoya, ba nama ba cuku

'Yar uwa, ranar da kuɗin cefane ya gaza, ba sai kin taɓa kuɗin adashi ba. Mutanen Jenowa a Italiya suna da wani mahaɗin taliya, pesto, wato dakakke. Nasu da cuku ne da wani ganye ɗan uwan ɗoɗɗoya. Ke kuwa, soyayyiyar gyaɗa ta wadatar.

Ki daka ta a turmi da ɗanyar ɗoɗɗoya, tafarnuwa da gishiri, ki zuba man gyaɗa da ɗan lemon tsami. Ganyen namu ya fi nasu ƙarfi, ki fara da kaɗan. Kada ki ɗora haɗin a wuta, zai yi baƙi, ƙamshin ya gudu. Kin ma huta da ɓarnar itace. Ki tsame taliya, ki juya. In ya yi kauri, ki sassauta da ruwan dahuwar.