Lissafin Urwatu Ɗan Zubairu

A zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan Hijira, Urwatu ɗan Zubairu ya taso daga Madina ya nufi Dimashƙa, tare da ɗansa Muhammadu. Ba ƙaramin baƙo ba ne. Mahaifinsa Zubairu ɗan Awwam, mahaifiyarsa Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, kuma a gaban ƙanwar mahaifiyarsa Nana A'isha ya yi karatu. Da shi ake cika malaman fiƙihu 7 da Madina ta yi suna da su.

A wannan tafiyar ne wani gyambo mai cin nama ya kama masa ƙafa. Halifa ya tara masa likitoci, suka duba, suka ce in ba a yanke ta ba ciwon zai haura ya ci sauran jiki. Ya ce a yanke. Suka kawo abin da zai gusar masa da hankali don kada ya ji zafi, ya ƙi sha, domin ba ya son ko na ɗan lokaci ya rasa hankalin da yake tuna Ubangijinsa da shi. Haka aka sa wuƙa a nama, aka sa zarto a ƙashi, dattijon yana ta kabbara da hailala. Sai da aka tsoma dungulmin cikin tafasasshen mai don jini ya tsaya, sannan ya suma. Masu tarihi sun ce da ya farfaɗo aka nuna masa ƙafar, ya juya ta a hannunsa, ya shaida wa Allah cewa da saninsa bai taɓa takawa da ita zuwa ga saɓo ba.

Ita masifa ba ta sallama. A cikin kwanakin nan Muhammadu ya shiga bargar dawakin halifa, wata dabba ta shure shi, ya faɗi ya rasu.

Abin da Urwatu ya faɗa bayan haka shi ne ya sa labarin bai mutu ba. Ya yi wa Allah godiya yana lissafi: an ba shi gaɓoɓi 4, hannu biyu da ƙafa biyu, an karɓi ɗaya an bar masa 3, an ba shi 'ya'ya maza 7, an karɓi ɗaya an bar masa 6. In an jarrabe shi yau, ai an daɗe ana ba shi lafiya. Bai ce babu zafi ba, kuma an ruwaito shi yana ambaton irin wahalar da ya sha a tafiyar. Kawai dai ya ƙirga har da abin da ya saura, wanda yawancinmu ba mu ganinsa sam idan ido ya cika da hawaye.

Ni a wurina, ba a Dimashƙa aka haifi wannan godiyar ba. Tsohuwar ɗabi'a ce da ya rena a Madina shekara da shekaru. Kullum yakan karanta rubu'in Alƙur'ani, wato izu 15, yana duban littafin, da dare kuma ya tsaya da shi a salla. Yana da gonar dabino, kuma idan dabino ya nuna sai ya fasa wani ɓangare na katangar, masu wucewa su shiga su ci su ɗebar wa iyali. Duk sa'ad da ya shiga gonar yana maimaita ayar nan ta Suratul Kahfi mai tuna wa mai gona cewa yabanyarsa nufin Allah ce, har ya fito. Mutumin da ya saba mayar da kowace zangarniyar dabino ga Mai bayarwa, ba zai rasa abin faɗa ba ranar da aka karɓi wani abu.

Ya koma Madina da ƙafa ɗaya, ya ci gaba da zama a majalisinsa. Ɗansa Hishamu da almajirinsa Ibnu Shihab Zuhuri suka ɗauki hadisai da labarin rayuwar Annabi (SAW) daga bakinsa, kuma ta hanyarsu da yawa suka shiga Muwaɗɗa Malik da ake karantawa a zaurukanmu. Ya rasu wajen shekara ta 94 bayan Hijira.