Allon hoto na lantarki: yadda tsofaffinmu za su riƙa ganin jikokinsu da ke nesa

Da wuya ka samu gari a jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram wanda ba shi da ɗiya a waje. Wasu na Abijan, wasu na Akara da Kumasi, wasu na Kwatano, Legas ko Kano, wasu sun yi arewa zuwa Tamanrasset da Sabha, wasu kuma sun kai har Faransa, Beljiyam da Amurka. Kuɗi na isowa gida ta Nita ko Al Izza, murya na isowa ta WhatsApp. Abin da bai cika isa hannun tsofaffi ba shi ne hoto. Ana turo shi, amma cikin salular wani matashi na gidan yake sauka. A nuna wa tsohuwa minti ɗaya, kafin ta gyara ido an karɓe, kwana biyu salula ta cika a goge. Da haka jika zai shekara uku da haihuwa, kakarsa ta san sunansa, ta san kukansa, amma ba ta riƙe kamanninsa ba.

Shi ya sa ƴan uwa da ke waje suka fara aiko da allon hoto na lantarki, wanda a kantuna ake kira cadre photo numérique da faransanci. Abu ne mai amfani ƙwarai, amma an ƙera shi ne don gidajen da wuta da intanet ba su yankewa. In aka saye shi ba a yi lissafin ƙauye ba, ƙarshensa cikin akwati ko ƙarƙashin gado. Ga abin da ya kamata mai saye da mai karɓa su sani.

Mene ne shi?

Wani ɗan allo ne kamar ƙaramar talabijin, ana jingine shi bisa tebur ko a rataye a bango. Wanda aka fi samu shi ne mai inci 10, wato kamar santimita 25 daga kusurwa zuwa kusurwa. Aikinsa ɗaya ne: da an ba shi wuta, sai ya riƙa nuna hotuna ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai. Ba a kira da shi, ba lambar sirri, ba saƙon da zai shigo ya ruɗa mutum. Wannan shi ne ya bambanta shi da salula. Tsohon da bai iya karatun boko ba, ko wanda yatsunsa ba su saba da shafa gilashi ba, ba abin da ake nema daga gare shi sai ya zauna ya kalla.

Iri biyu ne

Na farko shi ne mai karɓar kart memwar ko kile USB. Ana zuba hotuna cikin kart ɗin, a cusa shi a bayan allon, shi ke nan. Ba ruwansa da intanet. In ana son sabbin hotuna sai a fitar da kart ɗin a ƙara, ko mai zuwa gida ya taho da wani. Ga garin da rezo sai an hau tudu ake samunsa, wannan shi ne mai sauƙin sha'ani.

Na biyu shi ne mai wifi. Wanda ke waje zai turo hoto daga salularsa, ya sauka kai tsaye cikin allon da ke ɗakin tsohuwa. Alluna da yawa da ke kasuwa, na kamfanoni daban-daban, suna aiki da wata manhaja mai suna Frameo. Allon zai fitar da wata lamba, a karanta wa wanda ke waje ta waya, ya shigar da ita cikin manhajar da ke salularsa, daga nan ya samu izinin turowa. Ana iya ba mutane da yawa izini, na Abijan da na Kano da na Yamai duk su riƙa turowa allo ɗaya. Akwai kuma irin su Skylight, da ake tura wa hoto ta adireshin imel.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Wasu alluna masu wifi suna ajiye hotunan cikin cikinsu, ko intanet ya ɗauke za su ci gaba da nunawa. Masu Frameo haka suke, galibi da ma'ajiya ta giga 16 ko 32, wadda ke ɗaukar dubban hotuna. Wasu kuwa, kamar Aura na Amurka, an yi su ne don gidan da wifi ke kunne dare da rana, ba su ma da ramin kart memwar. Suna da kyau a inda aka yi su dominsa, amma ba na ƙauyukanmu ba ne. Don haka tambayoyi biyu za ka yi wa mai kanti kafin ka biya: yana nuna hoto in babu intanet? Yana karɓar kart memwar? In amsar duka biyun i ce, ka kama hanya.

Wuta tukuna

Yawancin allunan nan ba su da batir a ciki. Da kuran ya ɗauke, allo ya mutu. Garuruwanmu da dama layin NIGELEC bai kai ba, inda ya kai kuma kowa ya san yadda ake fama lokacin zafi. Abin da ya sauƙaƙa shi ne allon ba ya cin wuta da yawa, mai inci 10 bai cika wuce wat 10 ba, kusan daidai da ƙwan fitila ɗaya na zamani. Gidan da ke da ƙaramin pano da batir zai iya riƙe shi.

A duba abin da aka rubuta a jikin cajarsa. In an rubuta 100-240V, zai yi aiki da wutarmu ta 220. Wannan ya fi shafar masu aikowa daga Amurka, inda wutar gida ke 120, kuma bakin cajarsu faffaɗa ne, ba ya shiga ramukan bangonmu masu zagaye sai da mahaɗi. Na Najeriya da Gana ma sau da yawa mai ƙafa uku ne. A haɗo da mahaɗin tun daga can, kada a bar tsoho da yawon nema.

A duba kuma wutar da caja ke ba allon. In 5V ce, ana iya kunna shi da batirin ajiya irin wanda ake cajin salula da shi, muddin an samu igiyar da ta dace da ramin. Batiri mai 10,000 mAh zai riƙe shi ƴan awowi, wanda ya isa hirar dare. In 12V ce, kada a jona shi kai tsaye da batirin pano bisa ƙiyasi, a kira mai gyaran da ya san aikin. Sannan in kuran ya ɗauke, ko hadari ya taso da walƙiya, a zare shi daga bango. Dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona irin waɗannan kaya.

Ba dole ba ne ya kwana a kunne. Galibinsu ana iya sa musu lokacin kwana da na tashi. Awa biyu ko uku bayan magariba, lokacin da mutanen gida suka taru, sun wadatar.

Rezo ba sai kullum ba

Galibin allunan ba su ɗaukar layin waya, wifi kawai suke ji. Gidan ƙauye kuwa ba shi da akwatin wifi. Dabarar ita ce salular wani a gidan ta raba wa allon intanet ɗinta, abin da matasa ke kira partaj. Ko layin Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, duk wanda ya fi kamawa a garin shi za a yi amfani da shi. Sau ɗaya ake haɗa allon da salular, daga baya zai riƙa gane ta da kansa. In allon ya ƙi ganin salular, a duba ko tana rabawa bisa 2.4 GHz, don da yawansu shi kaɗai suke kamawa.

Abin da ya fi shi ne a tsai da rana. Misali kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ko ranar kasuwa, yaron gida ya kunna rabon intanet na minti goma sha biyar, na waje kuma ya san da lokacin ya turo. Hoton salula ɗaya yakan kai mega 2 zuwa 5, ashirin kenan ba su wuce mega 100 ba. Da sun sauka a kashe, don allon na iya shiga sabunta kansa ya cinye forfen yaro. Kuma wanda ke waje ya riƙa sa kuɗin forfen nan cikin lissafinsa. In aka bar wa yaro ya saya daga aljihunsa, wata biyu abin zai tsaya.

Wa zai kula da shi?

Wannan ya fi wuta da rezo muhimmanci. Kafin a aiko da allon, a zaɓi mutum ɗaya da ke zaune a gidan ko maƙwabta, wanda ba zai tafi ci-rani da an gama girbi ba. Sau da yawa ƴar makaranta ko matar gida ta fi saurayi zama. Shi zai kunna, shi zai haɗa intanet, shi za a kira in abu ya tsaya.

Mai aikowa ya gama komi tun daga can: ya kunna allon, ya sa harshen faransanci in shi mai kulawar ke ji, ya daidaita agogo, ya haɗa salularsa da ta sauran ƴan uwa, ya zuba hotuna hamsin ko ɗari. Yadda da an buɗe kwali aka jona wuta, fuskar jika ce za ta fara bayyana. Bayanin da tsohuwa ke bukata bai wuce wannan ba: "Inna, ba sai kin taɓa komi ba, da kansa zai riƙa canzawa. In ya mutu ki kira wance."

Zafi da ƙura

Kayan lantarki irin wannan ba su son zafin da ya haura digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu mun san inda ake kaiwa, balle ɗakin kwano da tsakar rana. A ajiye shi inda rana ba ta bugu, nesa da murhu da hayaƙi, a kashe shi da rana tsaka. Lokacin hunturu a rufe shi da ƙyalle mai tsabta in ba a kallo. A share gilashin da busasshen tsumma mai laushi, ban da ruwa. A ɗaga shi inda ƙananan yara da awaki ba su kaiwa, don igiyar wutar ce ake ja ya faɗo.

Waɗanne hotuna za a sa?

Idon tsoho ba na yaro ba ne. A ɗauki hoto kusa, fuska ta cika allo, cikin haske. Hoton mutum goma tsaye daga nesa ba abin da zai gani. In allon a kwance yake jingine, a riƙa kwantar da salula wajen ɗauka. A rage saurin canzawa, kowane hoto ya ɗan jima, a samu damar cewa wannan wane ne, ɗan wane ne.

Ana iya rubuta suna ƙarƙashin hoto. In tsohon ajami yake karantawa, a rubuta sunan yaron da ajami bisa takarda da manyan baƙaƙe, a riƙe ta cikin hoton. Frameo na karɓar gajeren bidiyo na daƙiƙa 15, wanda ya isa yaro ya ce "Kaka, ina wuni, mun gaishe ki". Tsofaffin hotunan takarda da ke cikin akwati, na aure, na suna, na dawowa daga Makka, a ɗauke su da salula a zuba, kafin gara da damshi su gama da su.

Sai batun mutunci. Allon da ke ɗaki duk wanda ya shigo gaisuwa zai gani. Hoton da mace ta turo wa uwarta kaɗai ba na zaure ba ne, don haka a tambayi mai hoto kafin a sa, kuma a yi shawarar ɗakin da za a ajiye allon. Lambar izinin turowa a ba ƴan gida kawai, kada a watsa ta cikin gurup. Akwai gidajen da ba su son a kafa hoto, musamman inda ake salla. A tambayi mai gida tun kafin a kashe kuɗi, in ya ce a riƙa kunnawa lokacin kallo kawai a rufe, a bi maganarsa. Haka hoton wanda ya rasu: wata uwar za ta so ta riƙa ganinsa, wata kuwa fitowarsa ba zato zai tayar mata da ciwo. Ita za a tambaya.

In allon bai samu ba

Ba dole sai shi ba. Talabijin da yawa na yanzu, har da masu aiki da pano, suna da ramin USB, kuma suna nuna hotuna bi da bi. Tsohuwar tablet ko salula mai faɗi da aka daina amfani da ita ma za ta yi, a cire mata layi, a goge komi a bar hotuna kaɗai, a lura kada batirinta ya kumbura da zafi. Hoton takarda kuma har gobe ba abin da ya kai shi sauƙi. A kai wa mai wankin hoto a birni ya fitar da goma ko ashirin, a sa musu leda, a ba mai zuwa gida. Shi ba ya neman wuta, kuma tsohuwa na iya sa shi ƙarƙashin matashin kai.

Ga ƴan uwa da ke shirin aiko da tsaraba kafin salla: ku fara kiran gida ku ji wace wuta ake da ita, wane layi ke kamawa, wa zai kula, kuma tsofaffin na so ko ba su so. Amsar da kuka samu ita za ta faɗa muku irin wanda za ku saya. Su kuma na gida, ranar da aka kunna intanet don karɓar hotuna, a ɗauki na Inna da Baba a tura can, don jikokin ma su san fuskar waɗanda ake sa su gaisarwa. Allah ya sada kowa da iyalinsa lafiya.