Wi-Fi Ɗin Gida Na Iya Gane Ɗakin da Mutum Yake Ciki Ba Tare da Kyamara Ba

Yawancin matasa sun san rauta ne da aiki ɗaya, wato raba data. Sai dai siginar da take bazawa a cikin gida tana iya nuna ko mutum yana falo, ko kicin, ko ɗakin barci, ba tare da kyamara ko makirufo ba. GPS ba ya aiki sosai a ƙarƙashin rufi, shi ya sa masana suka koma ga Wi-Fi da Bluetooth domin gano wuri a cikin gini. Hanyoyi biyu ake bi, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya shafi sirrin duk wanda ke cikin gidan.

Bin wayar da ke aljihu

Sigina tana raunana idan ta yi nisa ko ta ratsa bango. Wayar da ke kusa da rauta kan nuna ƙarfin sigina kamar -35 dBm, idan kuma bango biyu ya shiga tsakani sai ya faɗi zuwa wajen -75. Idan wayar tana jin rautoci uku ko huɗu, har da na maƙwabta, kowane ɗaki zai kasance da nasa jerin lambobi, tamkar zanen yatsa. Ana zagaya gida a adana lambobin kowane ɗaki, daga nan manhaja ta riƙa kwatanta abin da wayar ke ji da abin da aka adana. Masu bincike na Microsoft sun gwada wannan dabara tun shekarar 2000 da wani tsari mai suna RADAR, wanda kuskurensa ya kan kai mita biyu zuwa uku.

A yau masu sha'awar haɗa na'urori da kansu suna amfani da manhajar ESPresense. Ana ajiye ƙaramin allon ESP32 mai sauƙin kuɗi a kowane ɗaki, ya riƙa sauraron Bluetooth ɗin waya ko agogon hannu. Allon da ya fi jin siginar da ƙarfi, a ɗakinsa mutumin yake. Sai manhajar Home Assistant ta kunna fitila ko fanka a can, ta kashe na ɗakin da aka bari. Matsalar wannan hanya a fili take: idan mutum ya bar wayarsa tana caji ya fita tsakar gida, tsarin zai ci gaba da ɗauka yana ɗaki.

Bin jikin mutum kai tsaye

Hanya ta biyu ba ruwanta da waya. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babban mutum ruwa ne, kuma ruwa yana shanye wani ɓangare na siginar Wi-Fi, ya mayar da wani. Tsawon zangon sigina mai 2.4 GHz kusan santimita 12 ne, na 5 GHz kuma kusan santimita 6, don haka motsi kaɗan ma yana sauya yadda take isa ga na'urar da ke karɓarta. Idan mutum ya gifta tsakanin rauta da talabijin ɗin falo, siginar da ke tsakaninsu ce za ta girgiza, ta kicin kuwa ta zauna yadda take. Da haka ake gane inda motsin yake.

A 2013, Dina Katabi da Fadel Adib na jami'ar MIT ta Amurka sun nuna na'urar Wi-Vi, wadda ke gano motsin mutane ta bayan bango. A ƙarshen 2022, masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon sun haɗa siginar rauta da ƙirƙirarriyar basira, suka fitar da siffar tsayuwar jikin mutum. Fasahar ta shiga kasuwa ma. Linksys ya fito da tsarin Aware a 2019, kwararan fitilar WiZ kuma suna da SpaceSense, inda kwai biyu a ɗaki ɗaya ke kunna kansu idan an shigo. Hukumar IEEE ta tsara ƙa'ida ta musamman mai suna 802.11bf domin wannan aiki, abin da zai sauƙaƙa wa masu ƙera rauta saka shi a cikin kayansu.

Amfani da iyaka

Babban amfanin yana wajen kula da tsofaffi. Dattijuwar da ba za ta yarda a saka mata kyamara a ɗaki ba, tsarin na iya sanar da 'ya'yanta idan gari ya waye ba a ga motsinta ba. Akwai kuma rage kuɗin wuta, da faɗakarwa idan wani ya shiga gida alhali kowa ya fita.

Amma fasahar tana da rauni. Fanka mai juyawa, labule da iska ke kaɗawa, ko kyanwa na iya ruɗa ta. Bangon bulo da siminti yana cin sigina fiye da bangon katako da allo na gidajen Amurka. A gida mai jama'a da yawa kuma, sanin cewa akwai motsi abu ne mai sauƙi, sanin ko wane ne ya motsa shi ne mai wuya.

Wa ke ganin bayanan?

Wanda ake bi ta wayarsa na iya kashe Bluetooth ko ya ajiye wayar. Wanda ake bi ta jikinsa ba shi da abin kashewa, kuma baƙo ko ɗan haya ba zai ga wata alama ba. Bayanan suna hannun mai riƙe da manhajar rautar, wani lokaci har da kamfanin da ya samar da ita. Kamfanin Comcast na Amurka ya rubuta a sharuɗɗan tsarinsa na WiFi Motion cewa yana iya miƙa bayanan motsi ga wasu idan binciken hukuma ko umarnin kotu ya buƙata.

Don haka akwai abubuwan da mai waya zai kiyaye. Ya sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita, ya duba saitinta ko akwai gano motsi a kunne, ya kashe idan ba ya buƙata. Tun daga Android 6, manhaja ba ta iya ganin jerin Wi-Fi na kusa sai an ba ta izini, saboda jerin kansa yana tona wurin da mutum yake. Manhajar tocila ko ta wasa da ta nemi izinin sanin wuri ba ta da dalilin samunsa. Wanda kuma zai kunna gano motsi a gidansa, haƙƙin mutanen gidan ne ya faɗa musu kafin ya kunna.