Taurin Sitiyari da Sakinsa a Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu

Mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi suka fi sani da fowil, ita ce wadda injinta ke iya tura tayoyin gaba da na baya a lokaci guda. Irin su Toyota Land Cruiser da Hilux da Land Rover Defender ne ke kai ma'aikatan lafiya da kayan makaranta ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, su ne kuma ke ratsa rairayin da ke arewa da Agadas. Gargada da ƙurar hunturu da kogunan damina duk a kan sassan gaba suke ƙarewa, shi ya sa sitiyarin waɗannan motoci ke tsufa da wuri. Cutarsa iri biyu ce: ko dai ya yi tauri har direba ya riƙa kokawa da shi, ko kuma ya yi lako-lako, a juya shi amma tayoyi su yi jinkirin amsawa. Na biyun ya fi haɗari, domin a hankali yake shigowa, direba ya saba da shi, sai ranar da ya zo kauce wa yaro ko dabba a kan hanya sannan ya gane motar ba ta hannunsa.

Yadda sitiyari ke aiki

Idan direba ya juya sitiyari, sandar da ke ƙarƙashinsa takan kai juyin zuwa ga na'urar da ke mayar da shi turi zuwa hagu ko dama. Na'urar nan iri biyu ce. Akwai akwatin sitiyari, wanda ake ɗaure shi a jikin shasi, yana da hannu na ƙarfe mai jan dogayen sanduna zuwa tayoyi. Shi ne a Land Cruiser jerin 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, da tsohuwar Defender da aka daina ƙerawa a 2016. Akwai kuma rak, wato doguwar sanda mai haƙora da ƙaramin giya ke turawa, kamar yadda yake a Hilux ta zamani. Ko wanne ne, ƙarshen sandunan yana da gaɓa mai kai kamar ƙwallo, wadda makanikai ke kira tayarod, an cika ta da giris an rufe da roba.

Sauƙin juyawa kuwa daga famfo yake zuwa. Bel ɗin inji ne ke juya famfon, shi kuma ya tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa akwatin ko rak. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sayar da motar hawa mai wannan tsari a 1951. Wasu sababbin motoci, alal misali Land Cruiser 250 da aka nuna wa duniya a 2023, sun koma amfani da ƙaramin injin lantarki, saboda haka ba su da famfo ba su da mai.

Idan sitiyari ya yi tauri

Ƙa'idar gwanin bakanike ita ce ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na farko iskar taya. Tayar da iskarta ta ragu takan baje a ƙasa, juya ta ya yi wuya, kuma direbobin rairayi da gangan suke rage iska don kada mota ta kafe, sau da yawa su hau kwalta ba su mayar ba. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin dogaran ƙofar direba ko a littafin mota.

Na biyu wani abu ne da ya keɓanta da fowil, kuma shi ne ya fi ruɗar waɗanda ba su san ta ba. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai tsawo. Motoci kamar Hilux da Land Cruiser 70, idan aka sa su a fowil, gaba da baya kan kulle su juya da gudu ɗaya. A yashi ko laka babu damuwa, domin taya takan ɗan zame ta sauke bambancin. A kan busasshiyar kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayoyi su murɗe, sitiyari ya ƙi kwana, mota ta riƙa tirjiya tana tsalle, sandar fowil ma ta ƙi fita. Wannan ba lalacewar sitiyari ba ce ko kaɗan. Maganinsa a ja da baya a miƙe na 'yan mitoci, ko a sauka kan ƙasa mai laushi, har sandar ta saki a mayar da ita ja da ƙafa biyu. An sha canza famfo mai lafiya a kan wannan dalili, mai mota ya biya kuɗi, taurin kuma ya dawo da zarar an sake hawa kwalta da fowil.

Bayan waɗannan sai a buɗe bonet a duba mai. Yawancin motocin Toyota masu famfo suna shan jan man giyar otomatik ne, nau'in Dexron, kuma akan rubuta abin da ya dace a kan murfin gwangwanin. Ba a zuba man birki a nan, domin yana cinye robobin da ke tare mai. Launin man da warinsa suna ba da labari: baƙi mai ƙauri ya ƙone, mai kumfa iska ta shige shi, mai kama da madara ruwa ne ya gauraya da shi, galibi bayan ratsa kogi. Idan man ya ragu, to akwai inda yake zuba, domin ba ya ƙonewa kamar fetur. Sai a bi tiyo da bakin famfo da ƙasan akwati a nemo danshi. A rak, man kan ɓuya cikin robobin gefe biyu masu kama da zugazugi, sai an matsa su ake ganewa.

Kunne ma ma'auni ne. Ƙara mai kaifi lokacin da aka juya sitiyari alamar bel ne da ya saki ko ya yi santsi. Gurnani mai tashi tare da gudun inji yana nuna ƙarancin mai, ko iska, ko famfon da ya gaji. Taurin da ke tsananta idan inji na numfashi a tsaye, ya yi sauƙi idan an taka totur, shi ma famfo yake nunawa.

Domin a raba laifin famfo da na ƙarfe, akan ɗaga gaban mota a ɗora ta a kan kafaffun madogarai na ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, sannan a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe inji a kashe. Idan ya tafi sumul, matsalar tana ɓangaren mai. Idan har yanzu yana cijewa, ƙarfe ne. Taurin da ke zuwa yana wucewa a cikin kowane zagaye yawanci daga 'yar gaɓar da ke kan sandar sitiyari yake, wadda laka da ruwa ke sa ta tsatsa. Feshin mai kan sassauta ta na 'yan kwanaki, amma canji ne maganinta. In ba ita ba ce, sai a kwance tayarod daga jikin ƙafa a juya kowace taya da hannu. Wadda ta ƙi motsi, boris ɗin da take juyawa a kansa ko boljoyin ɗinta ya bushe.

Idan sitiyari ya yi lako-lako

Kowane sitiyari mai akwati yana da ɗan wasa, kuma ana auna shi. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a miƙe, a motsa sitiyari da yatsa har lokacin da taya ta fara motsi. Littattafan gyaran Toyota sukan sa iyaka tsakanin milimita 30 zuwa 40 a bakin da'irar sitiyarin, gwargwadon samfurin mota, wato kimanin faɗin yatsu biyu. Abin da ya wuce haka yana buƙatar bincike.

Binciken na mutum biyu ne, kuma tayoyi a ƙasa ake yin sa domin nauyin mota ya fito da ɓoyayyen wasa. Ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da sauri, ɗaya ya bi sassan da ido da tafin hannu tun daga sanda har zuwa taya. Duk gaɓar da ɓangarenta ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya bi shi, ita ce mai laifi. Ya kamata a dubi inda akwati ya haɗu da shasi da kyau, domin notuna kan saki, ƙarfen ma kan tsage a motocin da aka sa wa manyan tayoyi. Irin wannan kulawa ta fi wajaba a kan motar da aka shigo da ita da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu, kasancewar Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972. Walda a kan sanda ko hannun sitiyari ba gyara ba ne, ajali ne aka jinkirta.

Daga nan sai a ɗaga mota a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan akwai wasa, wani ya taka birki a sake gwadawa: in wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne, in yana nan, boljoyin ne ko boris ɗin ƙafa. Kama ta ta gefe da gefe kuwa yana tona asirin tayarod.

Akwai wata rawa mai tsoratarwa da ke kama motoci masu aksil guda a gaba, inda bayan an faɗa rami sitiyari zai kama karkarwa da ƙarfi, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. Da yawa sukan ruga su canza ƙaramin shokozoban da ke kwance a jikin sandar sitiyari. Sabon shokozoba yana danne rawar na ɗan lokaci ne kurum. Tushenta yana ga robobin sandar da ke riƙe aksil ta gefe, ko boris ɗin ƙafa da ya saki, ko tayar da ba a yi wa balansin ba.

Gyara

Tayarod da ya ci ba a bubbuga shi a matse, canza shi ake yi. Kafin a kwance tsohon sai a ƙirga zagayen zarensa domin sabon ya zauna kusa da inda ya dace, a ɗaure noti a sa masa sabon fil mai hana shi warwarewa, sannan a kai mota alaimen. Wanda ya tsallake alaimen zai ga gefen tayarsa ya cinye cikin 'yan watanni.

A saman akwatin sitiyari akwai sukurun daidaitawa mai noti, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Ba a taɓa shi sai an tabbatar sauran gaɓoɓi lafiya suke. Ana daidaita shi ne tayoyi na kallon gaba sak, domin an ƙera haƙoran su fi matsewa a tsakiya. Wanda ya ɗaure shi sitiyari na karkace zai sa ya cije idan ya dawo tsakiya. Kaɗan-kaɗan ake juya shi, kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ana gwadawa. Alamar an wuce gona da iri ita ce sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana. Akwatin da ya matse a wani wuri ya saki a wani wuri ya riga ya cinye, sukuru ba zai cece shi ba.

Idan an canza famfo ko tiyo, dole a fitar da iska. A cika gwangwani, gaban mota a sama, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa inji a kashe, sannan a tayar da inji a maimaita har kumfa ta ƙare. Kada a danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa 10, domin mai kan yi zafi famfo ya wahala. A motar da ke da jakar iska kuma, idan an raba sandar sitiyari da akwati, sai a ɗaure sitiyarin kada ya juya shi kaɗai, saboda siririyar wayar da ke naɗe a bayansa tana tsinkewa, ta tafi da hon da jakar iskar gaba ɗaya. Gwajin ƙarshe a fili ake fara shi, a hankali, kwana hagu kwana dama, sannan a sake bin notunan da aka taɓa ɗaya bayan ɗaya kafin motar ta hau babbar hanya.