Shin maganin barci na kaiwa ga ɗan da ke ciki?

Wani mai sauraronmu, dillalin shanu a kasuwar Maigatari ta ƙasar Gumel, ya aiko da takarda yana tambaya cewa: Idan aka yi wa saniya mai ciki allurar kwantarwa kafin a loda ta a mota ranar Alhamis, shin maganin yana taɓa ɗan da ke cikinta?

To Malam, amsa ita ce e, yana taɓa shi. Ɗan tayi yana samun abinci da iska ne daga jinin uwarsa ta hanyar mabiyiya da cibiya. Ita mabiyiya tamkar rariya take, kuma yawancin magungunan barci suna ratsa ta. Masana sun gwada haka da ɓeraye da zomaye masu ciki. Sai a ba uwa maganin, bayan ɗan lokaci a auna, a tarar da shi a jinin 'ya'yan. Bayan haihuwa ma yakan bi ta nono. Kuma da yake hantar jariri ba ta yi ƙwari ba, maganin yakan daɗe a jikinsa fiye da jikin uwar.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A 1957 aka fara sayar da wani maganin barci mai suna Thalidomide a Jamus ta Yamma, mata masu ciki suka yi ta sha don laulayi. An janye shi a 1961, amma ya yi sanadin haihuwar yara fiye da 10,000 da naƙasa, galibi a hannuwa da ƙafafu. Da aka gwada shi a kan zomaye masu ciki a 1962, sai 'ya'yansu suka fito da irin wannan naƙasa.

Game da shanu kuwa, allurar Xylazine da likitocin dabbobi ke kwantar da su da ita takan tayar da naƙuda idan cikin ya tsufa, saniya ta yi ɓari. Ka ga an yi asarar maraƙi ke nan. Saboda haka kada ka yi allurar da kanka. Nemi malamin dabbobi, ka gaya masa watannin cikin.

Haka nan a gida. Mai ciki ko mai goyo kada ta sayi Valium a kemis ta sha sai da izinin likita, don yakan sa jariri ya yi laƙwas, ya kasa kama nono.

Da fatan ka gamsu.