Garabasar Bankuna: Ƙuri'a a Fili, Lissafi a Ɓoye

Da wuya a samu babban banki a Najeriya yau da ba shi da garabasa. Access na da DiamondXtra, wadda ya gada daga bankin Diamond bayan haɗewarsu a 2019. Fidelity na da GAIM. Stanbic IBTC na da Reward4Saving. Tsarin kusan iri ɗaya ne: ka ajiye wani adadi, galibi naira dubu biyar ko dubu goma, ka bar shi na wani lokaci, ko ka yawaita biya da kati, sai sunanka ya shiga ƙuri'a.

Dalilin yawaitarsu ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da talaka ke ajiyewa a asusun ajiya yana cikin mafi arha da banki zai samu. Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa kuɗin ruwan wannan asusu kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da yake sanarwa. A ƙarshen 2024 ma'aunin ya kai kashi 27.5, wato mai ajiya na samun abin da bai kai kashi 9 ba, alhali hauhawar farashi ta haura kashi 34. Kuɗinsa na zagwanyewa a ajiye, banki kuwa na juya su da riba mai tsoka. Raba wa mutum ɗari kyauta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙara wa mutum miliyan kuɗin ruwa. Akwai kuma tsarin rage amfani da tsabar kuɗi da aka fara a Legas a 2012, wanda ya sa kowace hada-hada da kati ta zama hanyar samun kuɗin shiga.

Ranar ƙuri'a bankuna kan gayyaci jami'an hukumar kula da caca da na hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. A danna kwamfuta, suna ya fito, a kira mutum a waya ana tafi, daga baya a ɗauke shi hoto riƙe da ƙaton kwalin cheque. Ban ga dalilin zargin maguɗi a wannan zaman ba. Matsalar tana can baya. Jami'in da ya zo shaida ya ga yadda aka zaɓo suna, amma mai ajiya bai ga jerin da aka zaɓo daga cikinsa ba. Talla na faɗin yawan kyauta, ba ta cika faɗin yawan tikitin da ke cikin ƙuri'ar ba, kuma ba tare da wannan adadi ba babu mai iya sanin ko damarsa ɗaya ce cikin dubu ko cikin miliyan. Inda kowace dubu biyar ke ba da tikiti guda, ɗan kasuwar da ya ajiye miliyan biyar yana da tikiti dubu, mai sayar da ƙosai tana da ɗaya. Fuskarta ce kuma ake son sakawa a allon talla.

A Arewa abin ya fi sarƙaƙiya. Sharuɗɗan da Turanci suke, da ƙananan haruffa, ko da an yi tallar da Hausa a rediyo. Ga kuma tambayar da mutane ke kai wa malamai: kyautar da ta rataya a kan ajiya a bankin ruwa, halas ce ko da shubuha? 'Yan damfara su ma sun samu ƙofa. Tunda banki da kansa yana kiran wanda ya ci, wanda aka kira aka ce ya yi nasara, ya karanto lambar da ta shigo wayarsa, ba ya saurin tsarguwa.

Sa ido ma ya raunana. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta 2005 ba ta aiki a jihohi sai a Abuja kaɗai. Legas na da tata hukumar kula da caca tun da daɗewa, amma garabasar da aka tsara a Legas tana karɓar ajiyar mutumin Gusau da na Azare, waɗanda ba su san ofishin da za su kai ƙara ba.