Kowace Lamba Da Gidanta

 Gaisuwa ta musamman ga matan Haɗeja da Auyo da Kirikasamma da Guri, masu bandar kifi da masu gumin shinkafa da masu shanyar tattasai. Yau lissafi za mu taɓa. Na san wata za ta ce, "Ni da ban yi boko ba, ina ruwana da lissafi?" To 'yar uwa, dakata tukuna. Ke da kike auna shinkafa tiya-tiya, kike riƙe kuɗin adashin mutum goma a ka, ai kin iya lissafi. Abin da ya rage miki shi ne yadda ake rubuta shi, kuma a nan ne kuɗin mata da yawa ke salwanta.

Tun farkon shekarar 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, ciniki da yawa ya koma ta waya da wurin masu POS. Mu ce kin aika kwalin kifi banda Kano, an yi ciniki a kan naira dubu hamsin. Saƙo ya shigo wayarki, kika ga biyar da jerin sifiri, kika ce alhamdu lillahi. Ashe 5,000 ne, ba 50,000 ba. Sifiri ɗaya tak, ya tafi da dubu arba'in da biyar. Shi ya sa Hausawa ke cewa kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

To yaya abin yake? Alamomin da ake rubuta kowane adadi da su guda goma ne kacal: 0, 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 9. Darajar kowace ta dogara ne da gidan da ta zauna. Ana fara ƙirga gidajen daga hannun dama. Na farko gidan ɗai-ɗai ne. Na biyu gidan gomomi. Na uku gidan ɗaruruwa. Na huɗu gidan dubbai. Duk gidan da kika matsa zuwa hagu, daraja ta ninka sau goma.

Ɗauki 555. Biyar ce har sau uku, amma ba ɗaya suke ba. Ta dama biyar ce kawai, ta tsakiya hamsin, ta hagu ɗari biyar. Ki kwatanta da kuɗin da ke bakin zanenki: takardar naira goma guda goma ita ce ɗari, takardar ɗari guda goma ita ce dubu. Doka ɗaya ce, gida ba ya ɗaukar abin da ya wuce tara. Da sun cika goma, sai a ɗaure su wuri guda a miƙa wa gidan hagu a matsayin ɗaya.

Saura sifiri. Kin san yadda ake yi a rijiyar burtsatse idan layi ya yi tsawo: a ajiye jarka ba ruwa a ciki, amma ba mai ɗauke ta, don tana riƙe wa mai ita wuri. Aikin sifiri ke nan. Idan kin ce ɗari biyu da biyar, gidan gomomi ba kowa, sai a ajiye sifiri ya riƙe shi, a rubuta 205. In kika cire shi, ya koma 25. In kuma kika rubuta ɗari biyu cif sannan kika liƙa biyar a gaba, kamar yadda yara ke yi, ya zama 2005, wato dubu biyu da biyar. Ita kalmar sifiri ma daga Larabci muka aro ta, ma'anarta abin da ba komai a cikinsa. A ƙasar Indiya wannan tsari ya samo asali, sai wani malami a Bagadaza, Alkawarizmi, ya rubuta littafi a kansa a ƙarni na 9, daga baya Turawa suka koya daga Larabawa.

Akwai kuma tarkon da ke cikin maganarmu ta yau da kullum. Idan dillali ya ce miki "dubu ɗari da hamsin", a kasuwa 150,000 yake nufi. Amma mai rubutawa zai iya jin dubu ɗari da naira hamsin, ya rubuta 100,050. Haka nan dubu biyar da hamsin 5,050 ne, dubu biyar da ɗari biyar kuma 5,500. Saboda haka in ciniki ya yi nauyi, kada ki ji kunyar cewa, "Malam, rubuta mini in gani." Tambaya ai rabin ilimi ce.

Iyayenmu ma sun sha irin wannan sauyi. Kafin ranar 1 ga Janairun 1973, da fam da sule da kwabo ake ciniki: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Da naira ta zo, sai aka koma tsarin goma-goma, kwabo 100 naira ɗaya, fam ɗaya kuma ya zama naira biyu. Dalilin ke nan da har yanzu za ki ji tsofaffi na kiran naira 200 jaka guda, don a da fam ɗari ne jaka.

Wannan kwabon shi ne ke rikita mutane a saƙon banki. Za ki ga an rubuta 5,000.00. Ki lura, akwai waƙafi, akwai kuma ɗigo. Sifiri biyun da ke bayan ɗigo na kwabo ne, ba su cikin ƙirgar naira. Sa yatsa ki rufe su. Sannan ki ƙirga abin da ya rage daga dama. Lamba huɗu, dubbai ne, kamar 5,000. Lamba biyar, gomomin dubbai, kamar 50,000. Lamba shida, ɗaruruwan dubbai, kamar 500,000. Waƙafin kuwa yana raba su uku-uku ne don ido ya huta. Haka za ki yi in ke ce mai turawa: ƙirga gidajen kafin ki sa lambar sirrinki, domin dawo da kuɗin da ya riga ya fita ba ƙaramar wahala ba ce.

Uwargida, ga aikin da zan bar miki. Yau da dare bayan an ci tuwo, ki samo tsinkayen tsintsiya da zare, ki kira yaranki 'yan firamare. Ku ɗaure tsinke goma-goma. Ki zana gida uku a ƙasa da yatsa. Ki ce su nuna miki 34: dami uku a gidan gomomi, tsinke huɗu a gidan ɗai-ɗai. Sai ki ce su nuna 43, su ga bambancin da idonsu. Daga nan ku gwada 30, ki tambaye su me ya zauna a gidan dama. Yaron da ya gane wannan, ya gane dalilin "a riƙe ɗaya" da malaminsa ke faɗa a aji. Ke ma kina koya musu kina ƙaruwa, gemu ai ba ya hana ilimi, balle ɗankwali.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mana guminmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.